Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Shekara 4 ke nan, duk wanda ya tambaye ni yadda aka yi na faɗo da jirgi sai in ce masa inji ne ya mutu mini a sama, Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba. Ban yi ƙarya ba, amma rabin magana na faɗa. Ɗaya rabin shi ne ya tsaya mini a maƙogwaro duk tsawon wannan lokaci, kuma shi nake so in fitar yau, ko na samu sauƙi.

Sana'ata gyaran injinan masana'anta ce, kuma na daɗe ina zaune a Amurka da iyalina. Na haura shekara 40 kafin in samu lasisin tuƙa ƙaramin jirgi. Wani abokin aikina ne ya ja ni taron da ake yi kowace shekara a garin Oshkosh na jihar Wisconsin, wanda ƙungiyar EAA take shiryawa, ƙungiyar masu haɗa jirgi da hannunsu da Paul Poberezny ya kafa a 1953. Jirage kusan 10,000 ne suke sauka a yankin a mako guda. Na yini ina zagaya jiragen da aka jera a kan ciyawa, ina jin masu su suna ba da labari: wannan malamin makaranta ne, wancan direban babbar mota ne da ya yi ritaya, kowa a garejin gidansa ya haɗa abinsa. Na duba hannuwana, na ce a raina, ni da na fi shekara 20 ina kwance inji ina mayarwa, me waɗannan suka fi ni da shi? Wannan tunani shi ne ya gina jirgin, kuma shi ne ya kayar da shi.

Dokar can ta yarda mutum ya haɗa jirginsa, da sharaɗin fiye da rabin aikin ya fito daga hannun masu sha'awa, don koyo ko nishaɗi, shi ya sa ake kiranta dokar kashi 51. Na sayi kayan haɗi na jirgi mai kujera 2, jikin alminiyam, fukafukai a ƙasa, da inji mai silinda 4 mai ƙarfin doki 160. Shekara 6 na yi ina haɗa shi. Motar uwargida ta koma kwana a waje, sanyi da zafi, ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba sai tsokana. Idan na shigo da dare hannuna duk baƙi takan ce, "Maigida, yaya kishiyata ta kwana?" 'Yata ta fari kuwa tana 'yar shekara 9 ta fara riƙe mini ƙarfen da ake tokare ƙusa da shi ta ciki, don hannunta yana shiga inda nawa ba ya kaiwa. Akwai ƙusoshi a fiffiken hagu da ita ta tokare su duka.

A shekara ta 5 na aikin ne na yi abin da ya biyo ni. Ina haɗa hanyar mai, na zo wani wuri tsakanin makunnin zaɓen tanki da kofin tace mai, inda bututun ƙarfe ya ƙi lanƙwasuwa yadda nake so. Na ɓata guda 2. Raina ya ɓaci, na ɗauko guntun tiyon roba irin na mota da ke cikin akwatin kayana, tsawonsa bai kai taƙi 2 ba, na ɗaura shi. Har na manna masa takarda na rubuta "na wucin gadi". Niyyata in yi odar tiyo na jirgi mai rufin Teflon a ciki, wanda mai ba ya ci. Takardar ta faɗi wata rana da nake share-share, tiyon ya zauna. Wurin yana ƙarƙashin wani murfi, sai mutum ya kwanta ya leƙa da tocila zai gan shi. Ni kaɗai na san yana nan.

Da aka gama, mai duba jirgi ya zo, ya ba ni takardar izinin tashi a rukunin jiragen gwaji. Irin wannan jirgi dole a rubuta masa kalmar da ke nuna na gwaji ne da manyan baƙaƙe kusa da mashiga, kuma a manna sanarwa inda fasinja zai gani, mai cewa jirgin bai cika ƙa'idojin da aka gindaya wa jiragen kamfani ba. Daga nan sai zangon gwaji, wanda a lokacin ƙa'idarsa ita ce awa 25 idan inji da farfelarsa haɗi ne da hukuma ta tantance, awa 40 idan ba haka ba, kuma a wani yanki da aka keɓe maka. Nawa 40 ne. A lokacin nan babu wanda ya kai ni tsantseni. Kafin tashin farko na ɗaga hancin jirgin kamar yana hawa, na cire tiyo daga bakin kafireta na saka a bokiti, na kunna famfon lantarki ina duba agogo, don in tabbatar man da ke zuwa ya zarce abin da inji yake sha lokacin tashi. Ƙa'idar da ake bi ita ce kashi 125 cikin 100 ga jirgi mai famfo, 150 ga wanda mai yake gangaro masa da kansa daga fiffike. Nawa ya wuce da rata. Bayan kowane tashi sai na cire murfin inji na lalube kowane noti. Na rubuta komai.

Sai na nemi wata takarda da ake ba wanda ya haɗa jirgi, wadda ta ba shi ikon yin binciken shekara-shekara na wannan jirgin nasa shi kaɗai, ya sa hannu da kansa. Wanda ya sayi jirgin a hannun wani ba ya samun ta, a lokacin dole ya kira makaniki mai lasisi. Hikimar abin a fili take: wa ya san jirgin fiye da wanda ya buga kowace ƙusa? Abin da takardar ba ta sani ba shi ne, wanda ya buga kowace ƙusa shi ne kuma ya fi kowa iya kawar da kai. Ka zama kai ne mai aiki, kai ne mai duba aiki, kai ne alƙali. A masana'antar da nake aiki ba a taɓa barin wanda ya gyara injin da zai iya kashe mutum ya sa hannu shi kaɗai ba, kuma ni da kaina na sha mayar wa yara aikinsu. Amma wanzami ba ya son jarfa.

Shekaru 3 na farko na yi binciken yadda ya kamata, kwana 3 cur nake yi a kansa. Daga nan abubuwa suka fara sauyawa a hankali, yadda ba za ka ce ga ranar da aka fara ba. Aka ƙara mini girma a wurin aiki, lokaci ya ƙaranta. Yara suka girma, hidima ta ƙaru. Na fara zuba wa jirgin man mota maimakon man jirgi mai launin shuɗi da ake kira 100LL, don ya fi sauƙi a aljihu. Man mota a can galibi yana da etanol kashi 10 cikin 100, kuma na san abin da etanol yake yi: yana jan ruwa daga iska, yana cin wasu nau'o'in roba. Da farko ina neman gidan man da ba ya garwayawa, ina gwadawa da kwalba da ɗan ruwa. Daga baya na daina gwadawa. Jirgin kuma ya koma zaman rumfa, wani lokacin wata 2, wani lokacin 3. Nakan je in tayar da shi a ƙasa minti 10 in ce na motsa masa jini, alhali wannan ya fi barinsa illa, domin baƙin mai ba ya yin zafin da zai kori ruwan da ya taru a ciki, sai ma ƙarin gumi da ke haifar da tsatsa. Duk na san wannan. Da wani ne ya yi, da na yi masa lacca.

Inji bai ci amanata ba. Sau 3 ya yi mini magana.

Na farko, wata safiya na tsiyayo mai daga ƙasan kofin tacewa kamar yadda ake yi kafin kowane tashi, don a ga ko akwai ruwa, tunda ruwa ya fi mai nauyi yana kwanciya a ƙasa. Babu ruwa, amma na ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar an barbaɗa toka. Na zubar, na sake tsiyayowa, ya fito tas. Na ce dattin jarka ne. Na biyu, ina hawa bayan tashi sai allurar agogon matsin mai ta faɗi ƙasa ta yi rawa, na kunna famfon lantarki ta ɗan farfaɗo. Na ce na'urar aunawar ce ta tsufa, har na rubuta a takarda cewa zan saya wata. Na uku, ranar zafi, inji ya yi tari sau ɗaya a sama, irin tarin da ke sa hanjinka ya kaɗa, sannan ya ci gaba kamar ba a yi ba. Na ce zafi ne ya sa man mota ya yi tururi a bututu, abin da yake faruwa da gaske, shi ya sa uzurin ya zauna daram. Kowane gargaɗi na samo masa bayani mai ma'ana. Da jahili ne ni, da tsoro ya kama ni na kira wani ya duba. Sanin da nake da shi ne ya riƙa ƙera mini uzuri.

Akwai wani dattijo, tsohon makanikin jirage, da rumfarsa ke kallon tawa. Yana cikin masu aikin sa-kai da ƙungiyar nan take turawa su duba wa masu haɗa jirgi aikinsu kyauta. Ranar da inji ya yi tarin nan yana waje, ya ji da kunnensa. Da na sauka ya tako a hankali, hannunsa a aljihu, ya ce, "Ɗana, na ji yarinyar nan ta yi tari." Na ce, "Baba, zafi ne kawai, na san halinta." Ya ce, "To. Rabonka da buɗe rariyar mai fa?" Na ce lokacin binciken bara. Ya dube ni ya ɗan jima, ya ce, "In ka so, ranar Asabar in kawo kayan aikina mu leƙa tare. Ido 4 ya fi 2." Na yi masa godiya, na ce zan kira shi. Ban kira ba. Kuma dalilin da ya hana ni ba ƙarancin lokaci ba ne. Na san idan ya kwanta ƙarƙashin wurin nan da tocila zai ga guntun tiyon mota, ya ɗago ya dube ni, ni da nake taƙama da aikin hannuna. Kunyar minti 5 na guje wa.

Maganar "binciken bara" ma ƙarya ce, kuma ita ce gundarin abin da nake ɓoyewa. Kafin a kai ga rariyar sai an cire murfin inji na ƙasa, a yanke wayar kulle, a sauke kofin. Gaskit ɗinsa ya bushe, na san in na buɗe ba zai sake riƙewa ba, kuma ba ni da sabo. A binciken shekaru 2 na ƙarshe na tsallake shi. Na canza baƙin mai, na wanke filogi, na gwada matsin silinda, na duba birki da igiyoyin tuƙi, na bar hanyar mai yadda take. Sannan na buɗe littafin tarihin jirgi na rubuta jimlar da doka ta tanada, cewa na tabbatar an binciki wannan jirgi bisa cikakken jerin abubuwan da aka gindaya kuma an same shi cikin yanayin da zai tashi lafiya. Na sa kwanan wata, na sa lambar takardata, na sa hannu. Hannuna bai ko yi rawa ba.

Kwana 8 kafin hatsarin na ɗauki 'yata, a lokacin tana jami'a ta zo hutu. Muka yi kusan awa ɗaya a sama, muka bi ta kan wani tafki da daji mai dogayen itatuwa, inda babu ko tafin hannu na wurin sauka. Tana ta nuna mini fiffiken hagu tana dariya, tana cewa, "Baba, ka ga ƙusoshina ba ko ɗaya da ya fita." Muka sauka lafiya.

Ranar da abin ya faru, safiya ce mai sanyi, iska kwance. Ni kaɗai ne. Na tsiyayo mai, tas. A bakin titin tashi na taka birki na kai inji juyi 1,800 a minti, na gwada maganeto na dama da na hagu, wato na'urori 2 da ke ba filogi wuta, kowanne ya faɗi daidai gwargwado. Komai lafiya. Na kunna famfon lantarki, na tura totur har ƙarshe, jirgi ya ruga ya ɗaga. Ina wajen ƙafa 300 sama da ƙasa, titin ya riga ya ƙare a bayana, sai ƙarar inji ta yi laushi kamar mutum ya ja numfashi. Ya yi tari sau 2. Sai shiru, ban da iska da ke juya farfela a banza.

Masu koyarwa suna cewa mutum yakan ɓata sakan 3 zuwa 4 kafin ƙwaƙwalwarsa ta yarda da abin da ya faru. Gaskiya ne. Na zauna riƙe da sandar tuƙi, hancin jirgi a sama, ina jiran inji ya dawo kamar yadda ya dawo ranar tarin nan. A wannan zaman ne gudun jirgi yake tsiyayewa, in ya faɗi ƙasa da wani mizani fiffike ya daina ɗaukar iska, jirgi ya kifa. Abin da ya fara zuwa raina shi ne in juya in koma titi. Yana nan bayana, shimfiɗe, ga rumfata, ga motata. Kuma jirgin nan shekara 6 ne na rayuwata, ba na so in jefa shi a gona. Wannan juyin ya kashe matuƙa da yawa, domin ba rabin zagaye kawai ba ne, sai ka wuce haka sannan ka sake gyarowa kafin ka daidaita da titi, kuma duk lanƙwasar da ka yi tana cin tsayi tana ɗaga gudun da fiffike yake buƙata. Har na fara karkatar da sanda hagu. Sai na ji muryar matar da ta koya mini tuƙi, wadda takan ja totur ba zato ta ce in tura hanci ƙasa tun kafin in yi tunani. Na tura. Ƙasa ta cika gilashin gabana. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na juya makunni zuwa ɗaya tankin, ba abin da ya canza, tunda duk tankunan 2 ta wannan guntun tiyo suke bi.

Akwai gona da aka girbe, ɗan dama da hancina. Na nufe ta, na sauke filaf ɗin bayan fukafukai don in sauka a hankali, na rufe mai, na kashe lantarki. Tayoyin baya suka taɓa ƙasa da kyau, har na fara murna. Ban ga ramin ruwan da ya ratsa gonar ba sai da na zo kansa. Tayar gaba ta faɗa, jirgi ya dungura ya kwanta a bayansa. Daga mutuwar inji zuwa nan bai fi sakan 30 ba. Na tsinci kaina rataye a bel, kai a ƙasa, murfin gilashi ya danne da laka, warin mai ya cika wurin, ina jin ɗigarsa a kan wani ƙarfe. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ya fi na sama nesa. Mutanen filin jirgi ne suka iso a mota suka ɗaga wutsiya. Cikin waɗanda suka jawo ni har da dattijon nan. Bai ce mini komai ba sai, "Kada ka motsa wuyanka, ɗana."

Ƙashin bayana ya tsage a gaɓa ɗaya, haƙarƙari 3 suka karye, da wuyan hannun dama. Wata 4 na yi cikin rigar ƙarfe. Har yau ba na iya sunkuyawa in ɗaura igiyar takalmi ba tare da na tuna ba. Uwargida ta kwana kusa da gadona dare 9, ba ta tambaye ni komai ba. Masu zuwa dubiya suna cewa, "Sannu, ƙaddara ce, inji ai ɗan yau ne ba ɗan gobe ba." Ina amsawa da haka ne. Wasu ma yabo suke yi, wai na nuna gwaninta da ban juya ba. Na karɓi yabon ina kwance.

Mai bincike ya zo bayan an sallame ni, da 'yar leda a hannunsa. A ciki akwai rariyar, ta toshe da baƙin gari kamar an shafa mata kwalta, da guntun tiyona wanda ya tsaga gida 2. Daga waje lafiyarsa lau, har rubutun jikinsa ana karantawa. Cikinsa kuwa ya kumbura ya narke, hanyar ta tsuke, wani ɓallin roba yana reto kamar harshe. Ya yi mini bayanin abin da na riga na gane tun da na ga ledar. A ƙasa, a juyi 1,800, inji kaɗan yake sha, ɗan man da ke tsallakewa ya ishe shi, shi ya sa gwajin ya fito lafiya. A tafiya ta sama jirgina yana shan kimanin galan 8 a awa, wannan ma yana samuwa da ƙyar. Amma lokacin tashi yana neman kusan 14. Man da ke cikin kofin kafireta ne ya ɗauke ni a guje a titi ya ɗaga ni sama, da ya ƙare, abin da ke biyowa bai isa ba. Shi ya sa irin wannan matsala ba ta bayyana sai a wuri mafi muni, lokacin da ka yi nisa da titi amma ba ka yi tsayin da za ka zaɓi wurin sauka ba. Ɗigon baƙin da na gani kuwa, ɓarɓashin da ke mannewa a rariya ne idan mai yana gudu, ya zubo ƙasan kofi idan an kashe inji.

Sai ya buɗe littafin tarihin jirgi, ya juyo shi gabana, ya ɗora yatsa a kan sa hannuna na ƙarshe. Ya tambaye ni cikin ladabi ko na buɗe rariyar a wannan binciken. Uwargida tana zaune a gefe. Na ce a'a. Ya ce na shekarar da ta gabace ta fa? Na ce a'a. Ya rubuta. Bayan ya tafi ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta ce, "Maigida, ranar da ka ɗauki yarinyar nan, haka abin yake?" Na ce haka yake. Ta tashi ta shiga ɗaki. Karayar baya ba ta yi mini ciwon da wannan tashin nata ya yi ba.

Zaman jinya ya ba ni lokacin karatu, na riƙa bin rahotannin hukumar binciken haɗurra ta NTSB ɗaya bayan ɗaya. A 2012 ta fitar da nazari na musamman kan jiragen da mutane suka haɗa da hannu. Ta gano cewa su kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma a 2011 su ne da kusan kashi 15 na haɗurra, da kashi 21 na waɗanda aka rasa rai. Matsalar inji tana kan gaba cikin dalilai, kuma hukumar ta ba da shawarar a riƙa gwada gudun mai a rubuta sakamakon kafin tashin farko, wato gwajin bokitin nan da na yi sau ɗaya ban sake ba cikin shekara 9. Abin da ya fi ba ni mamaki, da na karanta rahotanni da yawa, sau nawa ne ainihin injin ba shi da laifi: an kwance shi an same shi garau. Mai ne bai iso ba. Noti ne ba a ɗaure ba. Zanzaro ne ya yi gini a bututun da tanki yake shaƙar iska, tanki ya kasa sakin mai. Abubuwan da tocila da rabin awa za su gano.

Na sake karanta rahoton mutuwar mawaƙin nan John Denver, wanda na sha ba da labarinsa a rumfa ina girgiza kai. Ranar 12 ga Oktoba 1997 ya faɗa teku kusa da Pacific Grove a Kalifoniya, cikin jirgi samfurin Long-EZ da wani ya haɗa shi kuma ya saya. A zanen Burt Rutan, wanda ya tsara samfurin, makunnin zaɓen tanki yana tsakanin ƙafafun matuƙi ne, amma wanda ya haɗa jirgin ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu. Denver ya tashi da mai kaɗan, an yi masa tayin ƙari ya ce ba ya buƙata. Da inji ya ɗauke, masu bincike sun ce ya juya jikinsa ne don ya kai hannu ga makunnin, ƙafarsa ta danna fedar dama mai karkatar da jirgi, jirgi ya kuɓuce masa. Da can nakan ce, yaya mutum zai tashi da abin da ya san ba daidai yake ba? Laifi tudu ne. Shi dai kwana ɗaya kacal jirgin ya yi a hannunsa. Ni shekara 9 na yi ina hawa kan abin da na ɗaura da hannuna na rubuta masa "na wucin gadi".

Na yi imani da ƙaddara, kuma na san kwanana ne bai ƙare ba. Amma na daina fakewa da kalmar. Wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Ni ban ɗaure ba, kuma na rubuta a littafi cewa na ɗaure. Istigfarin da nake yi a kan wannan rubutun ne, fiye da kan tiyon.

'Yata na kira da kaina na gaya mata, kafin ta ji a bakin mahaifiyarta. Ta saurara har na gama, ta ce, "Baba, ai sanarwar da ke gabana cewa ta yi jirgin bai cika ƙa'idar kamfani ba. Ni ban taɓa damuwa da ita ba, don na san kai ka haɗa." Ba da faɗa ta faɗa ba. Na nemi gafararta, ta ce ta yafe, amma ba ta sake shiga ƙaramin jirgi ba, ni ma ban tambaye ta ba. Uwargida ta ɗauki watanni kafin tsokanarta ta dawo, kuma kalmar kishiya ba ta sake fitowa daga bakinta ba.

Jirgin bai gyaru ba. Na sayar da abin da ya rage, na riƙe wani yanki na fiffiken hagu. Bayan shekara 2 likita ya sake ba ni izini, yanzu jirgin haya nake hawa jefi-jefi, wanda wani ne yake bincikensa ya sa hannu. Dattijon nan ya rasu bara. Kafin rasuwarsa na je na gaya masa dalilin da ya sa ban kira shi ranar Asabar ɗin ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce tun ranar ya san akwai abin da nake ɓoyewa, don duk wanda ya ce ya san halin injinsa, to akwai wurin da ba ya so a leƙa. Ya ce shi ma ya yi ta cizon yatsa da bai zo da tocilarsa ba tare da an gayyace shi ba.

Watan jiya wani matashi da ya kusa gama nasa jirgin ya roƙe ni in zo in gani. Na san yabo yake nema, kuma aikin ya cancanci yabo, ƙusoshinsa sun fi nawa kyau. Na tambaye shi ko akwai wani abu da ya ɗaura na wucin gadi. Ya ce babu. Na ce to a kawo bokiti. Muka ɗaga hancin jirgin, muka cire tiyo daga kafireta, ya kunna famfo ni ina riƙe da agogo. Tankin dama ya ba da abin da ake so. Na hagu ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin 3. Ya ce wataƙila bokitin ne ba mu auna daidai ba, muka sake, haka dai. Ya yi shiru, kunnuwansa suka yi ja, sannan ya ce akwai wani bututu a gindin fiffike da ya ɗan lotsa lokacin da yake lanƙwasa shi, ya yi niyyar canzawa. Ni ba na iya kwanciya a ƙasa yanzu saboda bayana, don haka shi ya shiga ƙarƙashi, ni na riƙe masa tocila. Sai bayan la'asar muka fito da bututun.